Tashe ko Nagarta: Da Wanne Ake Auna Tawagar Ƙasa?

Tambaya: Mun daɗe muna musu da wani abokina a gidan kallo. Ni na ce idan ana so a san ƙasar da ta fi wata a ƙwallo, a duba wasanninta biyar ko shida na baya-bayan nan, tunda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shi kuma ya ce a duba 'yan wasan da ƙasa take da su, da kofunan da ta ɗauka. Wane ne ya fi kusa da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai hujjar da ya kawo rabinta ce kawai ke tsayawa. Na shafe shekaru ina horar da yara, ina kuma bin wasannin ƙasashe ina ajiye abin da na gani a rubuce, kuma abin da na fi gamsuwa da shi shi ne wannan: a ƙwallon ƙasashe, nagarta ita ce asali, tashe kuwa shaida ce da ake saurara. Shaida tana iya yin gaskiya, tana iya yin kuskure, kuma ba a karɓar maganarta sai an tambaye ta yadda aka yi ta gani. Duk lokacin da ƙasa ta fara cin wasanni a jere, ko ta fara faɗuwa a jere, tambayar da nake yi ita ce: mene ne ya canza? Idan na samu dalili da zan iya nunawa da yatsa, sai in yarda da tashen. Idan ban samu ba, ina komawa ga nagarta.

Bari in fara da abin da ya sa wasanni biyar ba sa isa. Ƙungiya kamar Arsenal ko Barcelona tana buga wasanni 38 a gasar ƙasarta kaɗai, ban da kofuna, kuma 'yan wasanta suna atisaye tare kusan kullum. Idan ka ɗauki wasanninta biyar na ƙarshe, ka ɗauki abin da ya faru cikin wata guda, da mutane iri ɗaya, a hannun koci ɗaya. Tawagar ƙasa ba haka take ba. A shekarar da babu babbar gasa, wasanninta ba su cika wuce goma zuwa goma sha biyu ba, kuma a warwatse suke cikin shekara. 'Yan wasa su sauka ranar Litinin daga Ingila da Italiya da Turkiyya, su yi atisaye sau biyu ko uku, su buga, su sake bugawa bayan kwana uku ko huɗu, kowa ya kama gabansa. Saboda haka wasanni biyar na ƙarshe na tawagar ƙasa suna iya ratsa wata bakwai ko takwas. A cikinsu akwai na sada zumunta da aka canza mutum shida bayan hutun rabin lokaci, akwai wanda aka buga da ƙaramar ƙasa a gida, akwai wanda babban ɗan gaba bai zo ba saboda rauni. Ka haɗa su wuri guda ka kira su tashe, alhali ba tawaga ɗaya ce ta buga su ba.

Sannan ita kanta ƙwallo wasa ce da ci ke wuya a cikinta. A ƙwallon kwando ana jefa ƙwallo a raga sau da dama cikin wasa guda, don haka wanda ya fi ƙarfi yakan fito fili. A ƙwallon ƙafa ƙwallo ɗaya ta isa ta raba gardama: ta daki turke ta dawo, ko ta taɓa ƙafar ɗan baya ta karkace, ko alƙalin wasa ya ba da fenareti a minti na 90. Manomi ba ya yanke wa gona hukunci da damina ɗaya, domin ya san akwai shekarar da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar Agusta, akwai shekarar da tsutsa ke faɗa wa masara, gonar kuwa tana nan da kyanta. Wasa ɗaya ko biyu na tawagar ƙasa bai ma kai damina ɗaya ba.

Ka tuna 22 ga Nuwamba 2022 a filin Lusail na Katar, a gasar kofin duniya. Ajantina ta shiga wasan da wasanni 36 a jere ba a doke ta ba. Messi ya ci da fenareti, aka soke musu ƙwallaye uku kafin hutu saboda satar gida, sannan Saudiyya ta dawo ta ci biyu cikin kusan minti biyar ta ƙafar Saleh Al-Shehri da Salem Al-Dawsari. Wanda ke auna ƙasa da wasanta na ƙarshe, a daren nan zai ce Ajantina ta mutu, Saudiyya ta taso. Saudiyya ta sha kashi a hannun Polan da Meziko, ta koma gida daga rukuni. Ajantina ta ɗaga kofin ranar 18 ga Disamba. Sifaniya ma haka ta yi a 2010: Suwizalan ta ci ta 1-0 a wasan farko, ita ce kuma ta tafi da kofin daga Afirka ta Kudu. A duka biyun babu abin da ya canza a jikin tawagar. 'Yan wasan suna nan, lafiyarsu ƙalau, kocin yana nan, salon wasan yana nan. Rana ce kawai ta ɓaci.

Mu nan gida muna da namu darasin, kuma ya fi zafi. A gasar kofin Afirka ta Janairun 2022 Super Eagles ta je Garwa a Kamaru, garin da Hausawa ke da yawa, filin ya zama mata tamkar gida. Ta ci Masar 1-0, ta ci Sudan 3-1, ta ci Gini Bisau 2-0, ita kaɗai ce ta lashe duka wasanninta uku na rukuni a gasar. Tunisiya kuwa da ƙyar ta fito, ta uku a rukuninta, Mali ta ci ta, Gambiya ta ci ta, ga cutar korona ta kama mata 'yan wasa da dama. A ma'aunin tashe babu ma abin tattaunawa. Aka shiga fili, Tunisiya ta toshe gefuna biyun da Najeriya ke kai hari ta cikinsu, Youssef Msakni ya buga daga nesa ta shiga, aka ba Iwobi jan kati, shi ke nan. Wata biyu bayan haka aka haɗa mu da Ghana a neman gurbin kofin duniya. Ghanar da Komoros ta ci 3-2 ta kore ta daga rukuni a wannan gasa ta Kamaru, har ta sallami kocinta ta ɗauko Otto Addo. Aka yi canjaras babu ci a Kumasi, aka yi 1-1 a Abuja ranar 29 ga Maris, Ghana ta wuce da ƙwallon da ta ci a waje. Har yau ina jin ciwon wannan daren. Abin da tashe ya ɓoye mana a lokutan biyu shi ne tazarar nagarta tsakaninmu da Tunisiya, da tsakaninmu da Ghana, ba ta da faɗi ko kaɗan. Wasanni uku masu daɗi sun sa mun ga tazarar ta buɗe, alhali tana nan yadda take.

To yanzu ga inda abokinka ya kauce. Da ya ce a duba kofuna, ya haɗa nagarta da tarihi, su kuwa abubuwa biyu ne daban. Kofi ba ya shiga fili. Masar ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, a hannun Hassan Shehata, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi. A watan Oktoba na wannan shekara ta 2010 ta je Yamai, Mena ta Nijar ta ci ta 1-0 a filin Seyni Kountché, Moussa Maâzou ne ya ci. Masar ta ƙare a ƙarshen rukunin, ba ta je gasar 2012 ba. Manyan 'yan wasanta sun tsufa tare, ga kuma rikicin siyasar da ya taɓa ƙasar a 2011. Rigar tana nan da taurarinta bakwai, amma mutanen da suka samo taurarin ƙafafunsu sun yi nauyi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ita Menar ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin tana koyar da wani abu da mutane ke mantawa. A wannan rukuni ta ci duka wasanninta uku na gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta kuma faɗi duka uku na waje. Maki tara ta samu, daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo, ta wuce saboda sakamakon karawar da ukun suka yi da juna, yayin da 'yan Afirka ta Kudu ke rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye ne zai raba. Wannan ne karon farko da Nijar ta je kofin Afirka, a hannun Harouna Doula. Da ta je Gabon ta faɗi wasanninta uku. Idan an tambaye ni tashen Mena a lokacin, sai in ce wanne daga ciki, na Yamai ko na waje? A Afirka wannan tambaya tana da nauyi fiye da Turai, saboda zafi, da doguwar tafiya da sauyin jirage, da yanayin ciyawar fili. Ƙasar da jadawali ya ba ta wasanni uku a gida a jere za ta yi kama da mai tashe, alhali jadawalin ne ya yi mata gata.

Rabin hujjar abokinka na biyu, wato a duba 'yan wasa, ya fi ƙarfi, amma shi ma sai an gyara masa zama. Jerin sunaye ba tawaga ba ne. Victor Osimhen ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, Ademola Lookman ne na 2024, dukansu namu ne. Duk da haka a neman gurbin kofin duniya na 2026 Lesotho ta riƙe mu 1-1 a Uyo, Zimbabuwe ta riƙe mu, Jamhuriyar Benin ta Gernot Rohr ta ci mu 2-1 a Abidjan a Yunin 2024, daga ƙarshe Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu da bugun fenareti a Rabat a Nuwamban 2025. Wanda ya lissafa 'yan gabanmu zai ce babu kamar mu a nahiyar. Amma nagarta ta haɗa da wanda ke tsaron raga, da 'yan bayan da suka saba da juna har ɗaya ya san inda ɗayan zai taka, da ɗan tsakiyar da zai karɓi ƙwallo a matse ya fitar da ita, da wanda ke zaune a benci idan na farko ya ji rauni. Ta haɗa da zaman koci: daga ƙarshen 2021 zuwa farkon 2025 tawagar ta ratsa hannun Rohr, da Eguavoen, da Peseiro, da Finidi George, da Eguavoen kuma, kafin Eric Chelle. Ta haɗa har da abin da ba a gani a talabijin, wato biyan alawus a kan lokaci, da shirya tafiya, da samun wasannin gwaji masu ma'ana. Ƙasa tana iya tara 'yan gaba shida na manyan ƙungiyoyin Turai, fili dai uku kawai zai ɗauka a cikinsu.

A wannan misali akwai wani abu da zai yi maka daɗi, domin yana bayanka. Wasanni huɗu na farko na neman gurbin da Najeriya ta kasa ci, wato da Lesotho da Zimbabwe da Afirka ta Kudu da Benin, Osimhen bai buga ko ɗaya ba saboda rauni. Ga dalili da za a iya nunawa. Mummunan sakamakon yana faɗa mana gaskiya game da nagartar tawagar: ta dogara da mutum guda fiye da yadda jerin sunayenta ke nunawa. Irin wannan tashen, mai dalili a bayansa, ba na wasa da shi.

Misalin da ya fi kowanne bayyana abin da nake nufi shi ne Jamus. Ta ɗauki kofin duniya a 2014, ta ɗauki kofin zakarun nahiyoyi a 2017 da matasa, ta ci duka wasanninta goma na neman gurbin 2018. Daga nan sai ta yi wasannin sada zumunta biyar ba ta ci ko ɗaya ba: canjaras da Ingila da Faransa da Sifaniya, Brazil ta ci ta, Ostiriya ta ci ta. Mutane da yawa suka ce ai wasan gwaji ne, Jamus ƙasar gasa ce, idan an fara za a gani. Aka je Rasha, Meziko ta ci ta 1-0, Koriya ta Kudu ta ci ta 2-0, ta fita daga rukuni. A 2022 ta sake fita daga rukuni bayan Japan ta ci ta. Ashe waɗancan wasanni biyar gaskiya suke faɗa. Lahm da Klose da Mertesacker sun daina buga wa ƙasa tun 2014, Schweinsteiger ya bi su a 2016, ba a samu ɗan gaba irin Klose ba, tsakiyar fili ta rage gudu, duk wanda ya ƙwace ƙwallo ya fito da sauri sai ya tarar da baya a buɗe. Wanda ya kalli wasannin da idonsa ya ga wannan tun kafin Rasha. Wanda ya tsaya ga suna bai gani ba. Ajantina ta faɗi wasa ɗaya ba tare da wani abu ya canza ba. Jamus kuwa abu ya canza a jikinta tun kafin sakamako ya fara nunawa, kuma wannan ne ya raba faɗuwar biyu.

Haka abin yake idan an juya shi. A neman gurbin 2002 Brazil ta faɗi wasanni shida, ta yi ta sauya koci kafin ta tsaya a kan Scolari, Honduras ta fitar da ita daga Copa América a 2001, sai a wasan ƙarshe ta tabbatar da gurbinta. Ajantina ta Marcelo Bielsa ta ƙare a sama da maki 43, wasa ɗaya kacal ta faɗi cikin 18. Da aka je gasar, Ajantina ta ci Najeriya 1-0, Ingila ta ci ta, ta yi canjaras da Suwidin, ta koma gida. Brazil ta ci wasanninta bakwai duka. Mene ne ya canza a Brazil? Ronaldo, wanda ciwon gwiwa ya hana shi buga wasannin neman gurbin, ya warke, ya ci ƙwallo takwas. Tashen da aka auna Brazil da shi na wata tawaga ce da babu Ronaldo a cikinta.

Kwaddibuwa a kofin Afirka da aka buga a gidanta a 2024 ita ce ta fi kusa da mu, kuma da mu aka yi. Najeriya ta ci ta 1-0 a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu babu ko ɗaya a gaban jama'arta, aka sallami koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ba ta ma san za ta wuce ba sai da Maroko ta ci Zambiya. Najeriya kuwa ƙwallo biyu kawai aka zura mata a wasanni shida kafin na ƙarshe. Ana yawan ba da labarin Kwaddibuwa kamar abin al'ajabi, kuma lallai akwai sa'a a ciki, musamman ranar da ta ci Mali da mutum goma, ta farke a minti na 90, ta ci a ƙarshen ƙarin lokaci. Amma ka duba abin da ya canza. Emerse Faé ya dawo da Jean Michaël Seri tsakiyar fili, abin da ya saki Franck Kessié da Seko Fofana. Sébastien Haller, wanda bai buga wasannin rukuni ba, ya warke. Simon Adingra ma ya murmure daga rauni. Ranar 11 ga Fabrairu, bayan Troost-Ekong ya fara ci mana da ka, Kessié ya farke, Haller ya ci ta biyu, kuma Adingra ne ya bugo musu duka biyun. Tawagar da muka ci a rukuni da wadda ta ci mu a wasan ƙarshe riga ce kawai ta haɗa su. Komai ramar giwa ta fi kwando goma, kuma wannan giwar ta riga ta fara mayar da jiki ba mu lura ba.

Akwai wani tarko kuma a dogon jerin wasannin da ba a doke ƙasa ba, domin yana kama da nagarta sosai. Aljeriya ta ɗauki kofin Afirka a 2019, ta yi wasanni 35 ba a ci ta ba, sai Ikwatoriyal Gini ta tsayar da ita a Kamaru a 2022, ta fita daga rukuni da maki ɗaya. Italiya ta fi kowa rikita lissafi: ba ta je kofin duniya na 2018 ba, ta ɗauki kofin Turai a Wembley a Yulin 2021, ta kafa tarihin wasanni 37 ba a doke ta ba, sannan Masedoniya ta Arewa ta ci ta 1-0 a Palermo a Maris 2022, ta sake rasa kofin duniya. Wace ce Italiya ta gaskiya a ciki? A ganina tawaga ce mai kyau ƙwarai a tsakiyar fili, mai tsofaffin 'yan baya biyu da suka san aikinsu, Chiellini da Bonucci, marar ɗan gaba mai yawan ci. Irin wannan tawaga idan abubuwa suka daidaita tana iya ɗaukar kofi, wasanninta biyu na ƙarshe a gasar ma da fenareti ta ci su. Idan ba su daidaita ba, kamar yadda Jorginho ya zubar da fenareti sau biyu a wasanni biyu da Suwizalan, sai ta tsinci kanta a waje. Nagartarta ba ta yi tsalle sama ba a 2021, ba ta kuma faɗo ƙasa ba a 2022 kamar yadda sakamakon ke nunawa. Tana tsakanin biyun tun farko.

Za ka ce to jadawalin FIFA fa, ba shi ne aka yi don raba wannan gardama ba? Yana taimakawa, musamman tun Agustan 2018 da aka koma wa tsarin lissafin Elo, wanda aka aro daga wasan darar Turawa. A wannan tsari kowace ƙasa tana da maki, kuma kafin wasa ana lissafa abin da ake tsammani daga tazarar makin ƙasashen biyu. Ka ci wanda ya fi ka, ka samu da yawa. Ka ci wanda ka fi, ka samu kaɗan. Sannan ana ninkawa da nauyin wasan: na sada zumunta 5 ko 10, na neman gurbi 25, na gasar nahiya 35 zuwa 40, na kofin duniya 50 zuwa 60. Kyan tsarin shi ne ba ya firgita da wasa ɗaya, yana tara shaida a hankali. Rauninsa kuma sakamako kawai yake gani. Bai san wa ya ji rauni ba, bai san shekarun 'yan baya ba, ba ya ma bambanta wasan gida da na waje. Beljiyam ta zauna a saman jadawalin daga 2018 har zuwa Maris 2022 ba ta ɗauki kofi ba, ta je Katar a matsayi na biyu da 'yan bayan da suka haura shekara talatin da 'yan kai, Maroko ta ci ta 2-0, ta fita daga rukuni. Jadawalin yana ba ka labarin abin da tawaga ta kasance cikin shekaru uku ko huɗu da suka wuce, kuma yakan makara wajen gane tsufa.

Tunda an ambaci Maroko, ita ce misalin yadda tashe ke tabbata ya zama nagarta. A 2022 Walid Regragui ya karɓi tawagar wata uku kacal kafin kofin duniya, ta zo ta ɗaya a rukunin da ke da Kuroshiya da Beljiyam, ta fitar da Sifaniya da fenareti, ta ci Fotugal 1-0, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A lokacin ana iya cewa wata guda ne mai albarka, kamar na Girka da ta ɗauki kofin Turai a 2004 sannan ta kasa zuwa kofin duniya na 2006. Da Afirka ta Kudu ta fitar da Maroko 2-0 a zagayen 'yan 16 na kofin Afirka a birnin San Pedro na Kwaddibuwa, wasu sun ce ai ga shi nan. Ni ban yarda ba, saboda shaidun sun fito daga wurare da yawa. Akwai makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Mohammed VI da ke kusa da Rabat, wadda En-Nesyri da Ounahi da Aguerd suka fito daga cikinta. Akwai tagullar da matasanta suka samu a gasar Olimfik ta Faris a 2024, inda suka ci Masar 6-0. Akwai kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da suka ɗauka a Chile a 2025 bayan cin Ajantina 2-0. Idan manya suna ci, matasa suna ci, ga kuma wurin da ake rainon masu tasowa, faɗuwa ɗaya a San Pedro ba ta isa ta sauya mini ra'ayi ba.

Saboda haka idan kun sake zama da abokinka kafin wani babban wasa, ku fara da raba tambayar gida biyu, domin ina zaton rabin musunku daga nan yake. Wace ƙasa ce ta fi, da wace ce za ta ci gobe, ba amsa ɗaya suke da ita ba. Ta farko ana amsa ta da shekara biyu zuwa uku na wasannin gasa, da zurfin benci, da shekarun ginshiƙan tawagar. Ta biyu tana farawa daga amsar ta farko, sannan a gyara ta da abin da ke faruwa yanzu. Ni idan na zo gyaran, tashen 'yan wasa a ƙungiyoyinsu ya fi mini amfani a kan tashen tawagar, domin can ne suke buga wasa duk mako: wa ke shiga fili, wa ya shafe wata biyu a benci, wa ya dawo daga rauni jiya-jiya. Sai in koma wasannin nan biyar da kake magana a kansu, in cire na sada zumunta in ajiye gefe, in duba da wa aka buga sauran kuma a ina, in tambayi ko mutum goma sha ɗayan da suka buga su ne za su buga gobe. Wanda na samu dama na kalla, ba na tsayawa ga ci nawa aka tashi, ina ƙirga damarmaki na gaske da kowane ɓangare ya samu, domin tawagar da ke samar da dama tana zubarwa ta fi kusa da gyaruwa a kan wadda ke ci 1-0 da hari ɗaya golanta yana ta ceto. Idan tazarar nagarta mai faɗi ce, kamar tsakanin Faransa da ƙaramar ƙasa, gyaran da zan yi kaɗan ne. Idan kuwa ƙasashen na kusa da juna ne, kamar Najeriya da Ghana, ko Senegal da Masar, to rauni ɗaya, ko sabon koci, ko filin da za a buga, ya isa ya sauya wadda zan zaɓa.